Abin da Lonnie Ya Zubar a Bakin Kwazazzabo

Rana ta kusa faɗuwa a Baranda. Jan haskenta ya kwanta a bangon kwazazzabo na tsallake, iska ta tsaya cak. Ofelia tana cikin motar gidansu tana juya wake a tukunya, ta bar ƙofa a buɗe don zafin girki ya fita. Mijinta, Lonnie Tackett, yana zaune ƙarƙashin rumfa a kujerar naɗi, ya miƙe dogayen ƙafafunsa, gwangwanin lemo a hannu. 'Yarsu Nelda, mai shekara goma sha huɗu, tana kan wani faffaɗan dutse tana kallon tsattsewa suna shawagi can ƙasa da ƙafafunta. Kwanansu tara ke nan a wurin.

Mu da gidanmu ke kan taya duk mun san Baranda. Filin gwamnati ne, ba mai karɓar ko sisi a hannunka, ka yi kwana goma sha huɗu ka tashi ka ba wani. Babu famfo, babu wutar lantarki, babu wurin zubar da ƙazanta. Abin da ka shigo da shi, da shi za ka fita. Wuraren tsayawa bakwai ne, amma ɗaya ake rububi a kai, na can ƙarshen hanya, inda in ka buɗe taga daga kan gadonka za ka ga kwazazzabon har gindinsa. Shekara uku Lonnie yana zuwa yana tarar da wani a ciki. A shekarar nan ya samu, kuma tun da ya samu bakinsa bai rufu ba.

Dutsen farko a kan rufi ya faɗo. Ƙwas! Sannan ya gangara ta kan farantin sola ya faɗi gaban Lonnie. Tsakuwa ce, ba ta fi ƙwan tantabara ba.

"Nelda, ke da wa kike wasan jifa?"

"Ni ban jefa komai ba, Baba. Ga hannuna."

Ya tashi ya zagaya motar. Maƙwabcinsu mafi kusa, wani tsoho mai farar bas, yana can nesa, da ƙyar ake hango hayaƙin murhunsa. Ba yaro, ba kare, ba kowa. Yana dawowa na biyu ya sauka, sai na uku, sai wajen biyar a jere. Ofelia ta fito da ludayi a hannu.

"Wane ɗan banza ne wannan? Zai fasa mana sola!"

Lonnie ya sunkuya ya ɗauki ɗaya. A jiƙe yake. Ƙasar da ta yi wata biyar ba ta ga ɗigon ruwan sama ba, ga dutse sharkaf, da shuɗi-shuɗi a jikinsa. Ya kai hanci, ya yi maza ya yar, ya goge hannu a wando. Ya kau da kai. Amma Ofelia ta shekara goma sha bakwai tana karanta fuskar nan.

"Lonnie. Me ka yi?"

"Me kuwa zan yi? Iska ce. Koma ciki, wakenki zai ƙone."

Iska ce, in ji shi. Gaskiya ya faɗa, sai dai ba irin iskar da yake nufi ba.

To ni zan gaya muku abin da ya yi, don har yau in na tuna raina ɓaci yake. Kowace motar gida tana da tanki biyu a ƙarƙashinta: na ruwan wanke-wanke, da baƙin tanki, wanda ke tara na bayi. A baƙin nan ake zuba wani shuɗin magani don ya kashe wari, maganin da in ya taɓa fatar hannu sai ta yi jawur. In tanki ya cika, doka ɗaya ce, kuma wanda ya shigo harkar nan jiya ma ya san ta: ka naɗe rumfa, ka ɗaure kaya, ka tuƙa zuwa gari inda aka yi ramin zubarwa. Daga Baranda mil arba'in ne. Tankin Lonnie ya cika a kwana na takwas. Ya dubi hanya, ya ga motoci biyu sun kwana uku suna fakon ya ɗaga taya su shige wurinsa. Sai ya jira har Ofelia da Nelda suka tafi miƙe ƙafa da almuru. Ya jona tiyo biyu, ya ja bakin har wata tsaga da ke cikin dutse a gefen gaɓa, ya zura, ya dawo ya ja hannun tanki. Galan talatin suka bi tiyon nan. Har ya bi da tukunyar tafasasshen ruwa, wai don tiyon ya wanku. Daga baya ya ce da ya gama ya ji wani siririn kuka daga cikin tsagar, sau ɗaya tak, ya ɗauka ɗan zomo ne.

Jifan ya tsaya da duhu ya gama rufewa. Suka ci wake da tortilla, wainar masara irin tasu, suka kwanta.

Washegari yini ya tafi lafiya lau, har Lonnie ya soma tsokanar matarsa, wai jinin kakarta ne ke motsa mata, mutanen ƙauyen da ke ganin fatalwa a inuwar kowane jaki. Shi da Nelda suka hau rufi suka wanke sola, suna watsa wa juna ruwa suna ƙyaƙyata dariya. Alherin da zan faɗa a kan mutumin nan ɗaya ne: yana son yarinyar nan fiye da ransa. Ita ma ba ta da abokin hira sama da shi. In ka ga ɗaya, waiwaya za ka ga ɗayan.

Da inuwar motar ta yi tsawo har ta taɓo gaɓa, tsattsewan suka watse gaba ɗaya. Shiru ya sauko, irin wanda mutum ke jin bugun jininsa a kunne. Sai murya ta taso daga ƙasa, daga cikin kwazazzabon, inda babu hanyar da ɗan Adam zai bi ya sauka. Muryar mace ce tana rarrashin jariri. Ba a jin kalmomin, sai waƙar kawai, a hankali, in ta kai tsakiya sai ta karye, ta sake farowa.

Ofelia ta yi alamar gicciye a ƙirji. "Ka ji ko? Wannan ma iskar ce?"

"Rediyon wani ne. Sauti yawo yake a kwazazzabo."

"Rediyon uban wa? Lonnie, mu tashi daga nan."

"Haba Feli, saura kwana huɗu fa. Shekara uku ina..."

Bai ƙarasa ba, don waƙar ta daina fitowa daga ƙasa. Daga bayansu take fitowa yanzu. Suka waiwaya. Nelda ce zaune a matakalar mota, ta haɗe hannuwa a ƙirji kamar mai riƙe da jariri, tana jijjigawa, bakinta yana rera waƙar da wata murya mai kauri da ba tata ba. Idanunta a buɗe suke, amma ba su take kallo ba.

"Nelda? 'Yar Baba?"

Ta miƙe. Ta ratsa ta tsakaninsu, ba gudu ba sauri, ta nufi gaɓa. Lonnie ya tsaya sororo, sai da Ofelia ta kurma ihu sannan ƙafarsa ta saki. Ya cafke ta ƙafarta ɗaya ta riga ta bar dutse. Yarinyar da yake ɗagawa da hannu guda, ran nan sai da ta ja shi taku biyu a kan gwiwoyinsa kafin ya iya kayar da ita. Da ya danne ta, ta juyo da fuska ta dube shi, ta yi magana a hankali.

"Ɗa da ɗa," in ji ta. "Ka zuba wa nawa. Zan zubar da taka."

Sai jikinta ya saki, ta sume a hannunsa.

A nan ne ya faɗa wa Ofelia komai. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka ba. Ta dube shi kawai ta ce, "Saboda taga. Saboda ka buɗe taga ka ga rami." Da marinsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

Suka ɗaure Nelda a gado da zanin gado, gari na wayewa suka naɗe rumfa suka ɗauki hanya. Wurin da ya ƙi bari na rabin yini, ya bar shi ko waiwaye babu. Amma ba su yi mil biyu ba numfashin yarinyar ya soma sarƙewa. A mil na uku leɓɓanta suka yi shuɗi. Ofelia ta tallabe kanta tana ihu, "Juya! Juya, za ta mutu!" Ya juya ƙatuwar motar nan a cikin yashi, kuma duk kusantar da suka yi wa Baranda ƙirjin yarinyar ƙara buɗewa yake. Da suka iso, masu fakon ba su shiga wurin ba. Sun ji waƙar jiya su ma, sun kama gabansu. Har tsohon mai farar bas ya tattara ya tafi. Baranda ta zama tasu su kaɗai.

Tafiya ba ta yiwu ba, zama kuma almuru na nan tafe. Ofelia ta kwance ƙaramar motar da suke ja a baya, ta ɗauki makulli.

"Ina za ki?"

"Ƙauyenmu. Wurin mutanen da kake wa dariya."

"Da dai asibiti, Feli..."

"Ka kai ta asibitin da numfashin wa? Zauna a bakin ƙofar nan. In ta kai gaɓa kafin in dawo, kai ma ka bi ta, don kada in same ka."

La'asar ta yi sakaliya lokacin da ƙurar ƙaramar motar ta sake bayyana. Ofelia ta buɗe ƙofa ta fito da wata gajeruwar tsohuwa mai shekara tamanin da wani abu, baƙin mayafi a ka, kambas a ƙafa, jakar leda a hannu. Doña Eufemia ke nan; Doña kuwa laƙabin girmamawa ne ga dattijuwa a wurinsu. Ita ta karɓi haihuwar rabin ƙauyen, har da ta Ofelia. Wurin gwaggonta ta koyi magani, kuma ta haddace addu'o'in da limaman cocin yanzu ba su ma san da su ba. Ba ta nemi ganin yarinyar ba tukuna. Ta ce a nuna mata tsagar. Ta durƙusa a bakinta da ƙyar, ta daɗe tana saurare, sannan ta miƙa wa Ofelia hannu ta tashe ta.

"Kai ne mai tiyon?"

"Ni ne, Doña."

"Tsawo har tsawo, hankali kuma a tafin ƙafa. Uwarka ba ta taɓa gaya maka ba a zuba abu a rami da almuru ba sai an yi gyaran murya? Ko tari ka yi ai da mutanen ɓoye sun kwashe 'ya'yansu."

"Ban san akwai kowa a ciki ba."

"Ka tambaya? Mutanen nan sun riga kakan kakana zama a nan. Shekara ɗari tumakinmu suna kiwo a bakin kwazazzabon nan, ba su taɓa mana ko ɗan rago ba, don in mun zo muna neman izini. Ku kuwa kun ji an ce kyauta, kun ɗauka ba mai shi."

Lonnie ya sunkuyar da kai. Tsohuwar ta shiga mota, ta ciro ɗanyen ƙwai daga jakarta, ta bi jikin Nelda da shi tun daga ka har tafin ƙafa tana addu'a ƙasa-ƙasa. Ta fasa shi a cikin kofin gilashi mai ruwa. Gwaiduwar ta nutse, farin ƙwan kuwa ya taso a hankali, suna kallo ya rine ya koma shuɗi. Warin baƙin tanki ya cika motar.

"Tana ciki," in ji Doña Eufemia. "Kuma uwa ce. Da namiji ne da na fi samun sauƙi."

Ta sa suka fito da Nelda, suka zaunar da ita a kujera ƙarƙashin rumfa, suka ɗaure ta. Ta zagaye kujerar da gishiri, ta kafa kyandir huɗu a cikin kwalabe, ta hura garwashi a kasko ta zuba ƙaro da busasshen ganye. Sannan ta kama Lonnie ta gaban riga ta jawo shi ƙasa har fuskarsa ta zo daidai tata.

"In ta zo, ni kaɗai zan yi magana. Ko me ka ji, ko da sunanka ta kira, ka cije harshenka. Su ba sa ƙarya. Amma in sun faɗi kalma, ba abin da ka ji suke nufi ba, sai na bi ta na duba gabanta da bayanta. Ka ji ni?"

"Na ji, Doña."

"Allah ya sa. Ba ka yi mini kama da mai ji ba."

Rana ta sauka a bayan duwatsu. Jan bangon tsallake ya dushe ya koma toka. Hayaƙin kaskon ya miƙe sama sak, ba ya karkata ko'ina. Sai jifa ya fara, wannan karon ba tsakuwa ba, duwatsu kamar dunƙulen hannu, suna tasowa daga cikin kwazazzabo suna dukan rufi, suna fasa taga, suna faɗuwa kewaye da gishirin, amma ko ɗaya bai faɗa ciki ba. Ofelia ta durƙusa ta riƙe carbinta. Tsohuwar tana tsaye ba ta ko ƙifta ido ba. Da jifan ya lafa, Nelda ta ɗago kai a hankali.

"Eufemia," in ji muryar. "Kin tsufa."

"Ke ma ba yarinya ba ce. Da wa nake magana?"

"Da uwar wanda aka dafa."

Ofelia ta toshe bakinta da hannu.

"Shekara ɗari biyu ina neman haihuwa," in ji muryar. "Ko yaye shi ban yi ba. Na kwantar da shi a lungu mafi sanyi a gidana, na fita. Na dawo na tarar da shi yana yawo a cikin kashin wannan mutumin. Ba wuta ce ta kashe shi ba, Eufemia, ba ƙarfe ba. Ƙazanta ce. Da na ɗauko shi, fatarsa ta biyo hannuna."

"An zalunce ki," in ji tsohuwar. "Ba zan tsaya a nan in ce ba a zalunce ki ba. Amma yarinyar nan ba ita ta ja hannun tanki ba."

"Nawa me ya ja?"

Doña Eufemia ta sunkuya kan garwashin. Ta ƙara ƙaro a kasko.

"Zai sauka da igiya da bokiti, ya wanke gidanki da hannunsa, kwana bakwai."

"Ya wanke, in kwantar da wa a ciki?"

"Zai ƙone motar nan ƙurmus a gabanki."

"Me zan yi da toka?"

"To me kike so?"

"Kin ji abin da nake so. Ki kwance ta, taku goma sha biyu ne zuwa gaɓa."

Lonnie ya yunƙura zai yi magana, Ofelia ta damƙe hannunsa har ƙumbarta ta shiga nama. Idanun da ke fuskar Nelda suka juyo kansa, bakin ya yi murmushi.

"Na san abin da zai ce. A ɗauki ransa. Ba na so. Matacce ba ya jin komai. Ni so nake ya rayu, ya daɗe."

Sai tsohuwar ta buɗe kwalbar ruwan coci ta yayyafa, ta ɗaga murya da wata doguwar addu'a. Jikin Nelda ya banƙare a kan kujera, igiyar ta yi ƙara, wani kuka ya fito daga maƙogwaronta wanda ya sa hankaki suka tashi daga can tsallake. Tsohuwar ba ta tsaya ba har muryarta ta dushe. Amma da ta tsagaita don ta ja numfashi, suka ga leɓɓan yarinyar sun sake yin shuɗi.

"Ci gaba," in ji muryar tana haki. "Za ki iya fitar da ni, na sani. Amma da numfashinta zan fita."

Doña Eufemia ta rufe kwalbar. Ta jawo kujerar Lonnie ta zauna gab da gishirin, kamar mai hira da maƙwabciya.

"Saurara, 'yar'uwa. Na binne 'ya'ya uku, na san abin da ke cin ki. Amma Wanda ya halicce ni shi ya halicce ki, kuma gabansa za mu tsaya. Wannan dogon wauta ce ta sa shi, bai san da ɗanki ba. Ke kin san da tasa. In kika jefa ta, nasa laifin ya zama ƙarami a kan naki. Kina so ki tsaya a can shi yana mai ƙara, ke ana tuhumarki?"

Kyandir ɗaya ya mutu.

"To," in ji muryar. "Ba zan kashe ta ba. A ba ni idanunta."

"A'a."

"Harshenta."

"Ko gashi ɗaya na jikinta ba za ki ɗauka ba."

"Kin cika rowa, Eufemia. To na bar jikinta. Na bar ranta, na bar hankalinta. Kason uwa ba zan taɓa ba, uwar ba ta yi mini komai ba. Kason uban kawai zan ɗauka daga cikinta, in tafi, ba za ku sake jin ɗuriyata ba."

Tsohuwar ta yamutsa fuska, ta ɗaga hannu. "Dakata. Kason uba kamar yaya? Faɗa mini a fili abin da..."

A daidai nan fuskar Nelda ta canja, ta koma tata. Idanunta suka cika da hawaye, ta dubi ubanta, ta yi magana da muryarta ta gaske, ƙarama, tana rawa.

"Baba, zafi. Baba, cikina ƙuna yake. Ka ce mata ta bari, don Allah, Baba."

Wa zai iya? Ni dai ban sani ba ko da zan iya. Lonnie ya fizge hannunsa daga na Ofelia.

"Na yarda! Ɗauki! Duk abin da yake nawa ki ɗauka, ki sake ta!"

"Rufe bakinka, wawa!" in ji tsohuwar, amma maganar ta riga ta fita.

Hawayen suka tsaya kamar an rufe famfo. Muryar ta dawo, ta yi wata 'yar dariya mara daɗi.

"Mai kaya ya yarda. Ke shaida ce, Eufemia."

Iska ta taso daga ƙarƙashin rumfar, ta kashe sauran kyandir ɗin, ta share gishirin, ta bi ta kan dutse ta faɗa kwazazzabo. Suka ji waƙar rarrashin nan sau ɗaya, can ƙasa, tana nisa har ta ɓace. Kan Nelda ya faɗo a ƙirjinta. Numfashinta ya daidaita, irin na mai barcin gajiya. Lonnie ya kwance igiyar yana kuka yana dariya, ya ɗauke ta ya kai ta gado. Doña Eufemia ta zauna a inda take, tana kallon garwashi.

Hantsi ya dubi ludayi kafin Nelda ta farka. Ta rungume uwarta, ta ce yunwa take ji kamar ta ci babu, a soya mata ƙwai da koren barkono. Ta gane Doña Eufemia, har ta tuna mata wata akuya da ta taɓa tunkuyinta a ƙofar gidanta tana 'yar shekara biyar. Ta tambayi wa ya fasa taga. Lonnie yana waje yana jin muryarta, yana haɗa mata shayin cakulan. Ya hau matakala, ya sunkuyar da kai ya shigo da kofin.

"'Yar Baba ta tashi?"

Nelda ta ja bargo har wuya, ta matsa jikin uwarta.

"Mama, wane ne wannan?"

Suka ɗauka magagin barci ne. Ofelia ta ciro hoton da ke manne a jikin firji, su biyu a bakin tafki suna riƙe da kifi. Nelda ta duba, ta tuna tafkin, ta tuna kifin, ta tuna har rigar da ta sa da aman da ta yi a kwalekwale. Mutumin da ke tsaye kusa da ita ne kawai ta ce ba ta san shi ba. Suka tambaye ta wa ya koya mata tuƙi, ta ce ita dai ta iya. Duk inda yake a cikin shekarunta goma sha huɗu, an cire shi tsaf, an bar sauran yadda yake.

Lonnie ya fita ya sami tsohuwar tana ɗaure jakarta.

"Doña, ki dawo da ita. Ki sake kiranta, a sake magana."

"Da ƙwace ta yi, da na bi ta har gindin ramin nan na ƙwato. Da bakinka ka ba ta, ɗana. Ba ni da hanya."

Bayan shekara biyu na haɗu da su a wani sansani kusa da iyaka, kuma a can Ofelia ta ba ni labarin nan muna shanya. Yarinyar lafiyarta ƙalau, ta yi tsawo, dariyarta har tsallaken hanya ake ji. An gaya mata shi ne ubanta, ta kuma yarda, yadda mutum ke yarda da ranar haihuwarsa don an faɗa masa. Sun kai ta wurin likitoci uku, ba wanda ya ga komai. Wani lokaci in ce hukuncin ya yi yawa. Wani lokaci in tuna jaririn nan a cikin tsaga, in ce ko kusa bai kai ba.

Muna cikin maganar sarƙar keken Nelda ta zame. Kafin ta sunkuya Lonnie ya taso daga inda yake, ya durƙusa a cikin ƙura, ya mayar da ita, ya juya feda ya gwada, ya goge sirdin da gefen rigarsa. Ta karɓi keken, ta yi masa murmushi mai kyau, na yarinya mai tarbiyya.

"Na gode, Mista Tackett."

"Ba komai," in ji shi.

Ta hau ta tafi. Ya tsaya yana kallonta har ta sha kwana, sannan ya zagaya bayan mota, kuma har muka gama shanya bai fito ba.